Takalmi Ƙafa Ɗaya

Uwar yaron ta warke, yau ta zo ɗaukar abinta. Mariƙiyarsa ta miƙa mata jakar kaya, ta miƙa mata yaron da ta goya wata goma sha huɗu. Ko ɗigon hawaye babu.

Mijin mariƙiyar, wanda bai taɓa kiran yaron komai ba sai “baƙon nan”, yana ta gyaran fanka.

Da motar da ta ɗauke su ta ɓace, mariƙiyar ta zaro ɗan takalmin yaron daga ƙarƙashin kujera.

“Maigida, ƙafa ɗaya na ɓoye. In sun ga ɗayar, dole su dawo nema.”

Ya ajiye fankar. Sannan ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ɗauko ɗayar ƙafar.

“Kin ɓata mini shiri,” ya ce. “Yanzu sabo za su saya masa.”