Aljani a Bakin Ƙofa

Darakta ya wurgo mini takardun kashi na tara.

"Malama, aljani ne fa! Bango yake ratsawa. Don me kika tsayar da shi a bakin ƙofar masoyiyarsa yana sallama?"

"Don ɗakinta ne," na ce.

Kashi takwas aljanin nan ya yi yana faɗa mata ɗaki yadda ya ga dama, har ƙawaye yake zaɓa mata, masu kallon talabijin suna ta yabon soyayya. Da rubutun ya dawo hannuna, na sa ta ce masa, "Ba yau ba," shi kuma ya juya.

"Wane mai iko ne zai yarda da wannan? Ki gyara, ko mu nemi wata."

Na tattara takarduna a hankali.

"Babana. Shekara arba'in yana gyaran makulli, babu kwaɗon da ya taɓa gagararsa. Ranar da mamata ta yi fushi ta kulle ɗakinta, da idona na ga ya ajiye akwatin aikinsa a bakin ƙofar, ya zauna a kai har ta buɗe da kanta. 'Yarsa ce ni. Ko wasali ba zan canza ba."