Jinin Ledi

Malam Ernest Kato akawu ya ɗaure karyarsa a gindin durumin ƙofar gidan mai unguwa Nagoda, ya goge mata ƙafafu da hankici, sannan ya yi sallama.

Ledi ake ce mata. Wani Baturen Reluwe ne ya bar masa ita da zai koma gida, tun daga ranar kuwa Tudun Wada ba ta huta ba. Ledi ba ta cin tuwo. Ledi jininta tsantsa ne, har kakanninta an san sunayensu. Akawun da bai san sunan nasa kakan ba! Haihuwarta ta fari, uku lafiyayyu, sai da ya zaga da su gida-gida.

Bana ta haifi biyar, biyu ba su da kirki. In sun tashi daga barci sai ƙafafu su sandare, su yi tsallen zomo, su kife. Duk unguwar kare ɗaya ke da wannan ciwo: Sanda, na maƙwabcinsa Malam Irmiya, malamin firamare. Mai dogayen kunnuwa ne, kullum yana kwance a gindin darni yana kaɗa wa Beatrice, matar Ernest, wutsiya.

"Ranka ya daɗe, wannan gurgun ne ya ɓata mini iri," in ji Ernest. "Har unguwar Turawa na kai ta, wajen karen da ya yi mata cikin fari. A kashe shi."

Irmiya, da aka kira shi tare da karensa, ya dafa kan Sanda, ya ce tun yana ƙarami aka fiɗiye shi. Aka duba, haka ne. Ernest ya yi tsaki, ya ce to a miyau ya shafa musu. Mai unguwa, wanda ko inuwar kare ba ya so, ya ce a kira maharbi kowa ya huta.

Maharbi na ɗura albarushi Beatrice ta iso da kwanon ruwan Ledi. Ta ajiye, ta dubi mijinta.

"Maigida, a haihuwar fari huɗu ne, ba uku ba. Mai sandarewar ka sa a buhu, ka ce in kai rafin Kubanni kafin mutane su gani." Ta nuna Sanda da haɓa. "Ban kai ba. Ta kan darni na miƙa shi."