Ikram a Kujerar Gaba

Tun ranar da Hamzat ya shigo Fagge da sabuwar motarsa, 'yan layinsu ba su da wata hira sai tata. Ƙarama ce, ja, mai ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa sosai har sai ya lallaɓa ta kafin ta haye 'yar gadar ƙofar gidansa. Kayan wutar lantarki yake sayarwa a Sabon Gari, kuma kowa ya shaida da guminsa ya saye ta.

Ya san motarsa ciki da waje, yana kuma son a tambaye shi. Da ya taɓa totur, kafin ka gyara zama ta bar kowa a baya. Kujerunta na fata ne. Idan ta hango abu a gabanta, da kanta take kama birki. Ga jakunkunan iska a sitiyari, a gaban fasinja, har a jikin ƙofofi.

Abu ɗaya ke ba shi haushi, ƙarar da take yi idan ba a ɗaura bel ba. Shi kuwa bel yamutsa masa shadda yake yi. Sai ya zagaya da bel ɗin ta bayan kujerun gaba duka biyu, ya maƙale su. Mota ta yi shiru.

Ranar da ya ɗauki Toma, abokinsa kuma maƙwabcinsa a shago, Toma ya laluba ya ji bel a bayan kujera.

"Hamzat, ka yaudari motar ke nan," in ji shi.

Hamzat ya yi dariya. "Wannan ba irin akwalar da muka saba ba ce. Masu ƙera ta sun gama tunanin komai. Ko bango na daka, da ƙafata zan fito."

Toma ya zaro bel ɗin ya ɗaura abinsa. Yana sauka Hamzat ya mayar da bel ɗin bayan kujera.

Wata Asabar aka yi bikin Salomi, ƙanwar Toma, a Sabon Gari. Bayan la'asar Hamzat ya fito da iyalinsa. Matarsa Huseina ta kwantar da kujerar gaba don 'yarsu Ikram, mai shekara huɗu, ta shiga baya. Bayan matsattse ne, tagarsa 'yar ƙarama. Ikram ta leƙa, ta maƙe kafaɗa, ta sa kuka.

"Ƙyale ta, ɗora ta a cinya," in ji Hamzat. "Nan da Sabon Gari ne fa."

"Abban Ikram, na ji an ce ba a sa yara a gaba."

"A wasu motocin ba. Gabanki jakar iska, gefenki jakar iska. Duk Kano babu wurin da ya fi nan tsaro."

Huseina ta shiga, ta rungume 'yarta.

A mahaɗar Bata cunkoso ya riƙe su, suna tafiya kamar ba sa yi. Suna fita hanya ta buɗe, Hamzat ya taka totur. Injin ya yi gurnani, Ikram ta tafa hannu tana dariya. Sai ga wani mai a-daidaita-sahu ya faso daga kwana ba tare da ya duba ba. Motar ta yi ƙara, ta kama birki da kanta kamar yadda aka ƙera ta, amma gudun ya fi tazarar da ta rage. Hamzat ya murɗa sitiyari, ya daki bayan wata babbar mota da ke tsaye ana sauke kaya.

Jakunkunan iska suka fashe. Gaban motar ya lotse, cikinta kuwa ko motsi bai yi ba, ƙofofi suka buɗe lafiya lau. Hamzat ya fito da ƙafarsa yana dafe da ƙirji, mutanen da suka taru suna yaba ƙarfin motar. Sai ya ji Huseina tana kiran sunan Ikram, tana maimaitawa. Idon yarinyar a buɗe yake, amma ƙafafunta sun saki.

Toma ya baro bikin ya same su a asibiti. Yana tsaye kusa da Hamzat lokacin da likita ta fito ta yi bayani.

"Jakar iska don babba aka yi ta, babban ma wanda ya ɗaura bel. Da ƙarfi take fitowa. Ta daki yarinyar ta gaba, nauyin mahaifiyarta ya danne ta ta baya, lakar bayanta ta taɓu. Za ta rayu in sha Allahu. Tafiya kam, ba zan yi maka alkawari ba."

"Amma motar fa an ce..."

"Motar ta yi aikinta, Alhaji."

Watanni suka wuce. Hamzat ne ke ɗaukar Ikram a kafaɗa zuwa gashin ƙashi, shi ke dawo da ita. Wata safiya yana sa mata safa, ta dube shi ta ce, "Abba, don na ƙi zama a baya ne ƙafata ta daina tafiya?"

Hamzat ya daɗe riƙe da 'yar ƙafar da ba ta jin hannunsa.

"A'a, Ikram. Ke yarinya ce, kuka kawai kika yi. Ni ne babba a motar."

Mai karatu, kowace irin na'urar tsaro aka sa wa mota, ba za ta ɗaura maka bel ba, ba kuma za ta zaɓa wa ɗanka wurin zama ba. Ka rage gudu, ka ɗaura bel ko da nan da bakin layi ne, ka ajiye yaro a baya a kujerar da ta dace da shi, ko da zai yi ta kuka har ku isa.