Nonon Akuyar Ramalan

Likita ya ɗaga hoton ƙirjin Ramalan, ya ce, "Baba, huhunka fes yake."

Ramalan ya yi murmushi. Tun da aka rufe ramin haƙar ma'adinai na Akokan, a nan Arlit, ya koma aiki a injin busar da gawayin ƙasa, bai taɓa cire takunkumin fuska a wurin aiki ba.

"Ga nono kullum, likita, mai wanke guba. Ba madarar gwangwanin kamfani ba, na akuyata."

"Sai dai jininka cike yake da gubar hayaƙin gawayi, kuma ta baki ta shiga. Ina akuyar take kiwo?"

"Gindin bututun hayaƙi mana, inda ruwan tururi ke ɗiga. Duk Arlit, ina ka ga ɗanyar ciyawa in ba can ba?"