Marinin da Ya Ɓoye Bashi Ɗaya

Ka ce bashi ya sha maka kai, kana so ka nemi shawara amma kunya ta riƙe maka ƙafa. To, gyara zama, ɗan'uwa, in ba ka wani misali.

An yi wani marini a wani gari, mutum mai hannu a sana'arsa. In ya tsoma farin ƙyalle a karofi, wato ramin rini, ya ɗago, sai ka ga shuɗi ya zauna masa kamar da shi aka saƙa shi. Wata shekara gab da salla ya karɓi fararen yadudduka bashi a wurin wani ɗan kasuwa, ya karɓi shuni a wurin wani, da niyyar ya rina ya sayar ya biya. Sai aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta shiga marina, ta cika karofinsa da laka, ta tafi da abin da ya shanya. Da mai yadi ya fara aike, sai marini ya ranto a wurin wani mahauci maƙwabcinsa ya rage. Da mahauci ya fara ɗaure fuska, sai ya tafi wurin surukinsa, uban matarsa, ya ce jari yake son ƙarawa, bai ce masa ya karye ba. Haka ya riƙa tona rami yana cike wani. Ya daina bi ta kasuwa, ya sake masallaci, in aka yi sallama a ƙofar gida sai ya sa a ce ba ya nan. Har wani mai ba da sa'a ya karɓe masa tunkiya, wai zai sa masu binsa su manta da shi. Tunkiya ta tafi, ba wanda ya manta.

Matarsa ta ga yana ta zubewa, ta ce ya je wurin tsohon falken nan na bayan kasuwa. Wannan dattijo ya yi fatauci tun yana saurayi, ya taɓa karyewa har ya sayar da jakunansa, ya kuma tashi. Da tsufa ya zo sai ya zauna a zaurensa yana tufka igiya, duk wanda bashi ya shaƙe ya je ya same shi, ko goro ba ya karɓa. Marini ya je, ya ambaci mai yadi da mai shuni da mahauci. Da ya zo kan na suruki sai ya haɗiye, don a ganinsa wannan cin bashi ne da ba ya faɗuwa. Dattijo ya ajiye igiya, ya ɗauki sandarsa, ya sa shi gaba suka bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya. Aka ce a fara sallamar mahauci, don jarinsa ƙarami ne. Mai shuni ya yarda a rina masa kaya a madadin kuɗinsa. Mai yadi, wanda har ya fara zancen alƙali, ya ce albarkacin furfurar dattijo zai riƙa karɓar kaɗan kaɗan duk ranar kasuwa.

Abu ya fara tafiya daidai. Ana nan sai damina ta kawo kai, suruki ya aiko yana son kuɗinsa zai sayi taki. Marini ya kwashi abin da ya tara wa mai yadi ya aika wa suruki. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, shiru. Mai yadi bai nemi marini ba, zauren dattijo ya nufa, ya ce ashe tsufa ma yana tsaya wa maƙaryaci. Wannan magana da ta iso kunnen marini ta fi masa bashin zafi. Ya je gaban dattijo ya durƙusa, ya zazzage komai, har da zancen tunkiya.

Dattijo bai yi faɗa ba. Ya dube shi ya ce, “Akwai saura?”

Ya ce, “Babu saura, Baba.”

Ya ce, “To, yau ka zo. Ran nan inuwarka ka aiko mini.”

Suka tafi gidan suruki tare. Da surukin ya ji yadda ambaliya ta yi, sai ya ce shi ba kuɗin ne ya dame shi ba, abin da ya dame shi a ce mijin 'yarsa yana nutsewa, shi kuma yana ɗora masa dutse bai sani ba. Ya mayar da rabin abin da aka aiko masa, ya ce saura sai bayan kaka. Aka kai wa mai yadi, aka ba shi haƙuri, ya huce.

Marini bai fita daga bashi a wata guda ba, a shekara guda ma bai fita ba. Amma yanzu ya san na wa zai biya yau, na wa zai jira, kuma ba wanda yake jin labarinsa a bakin wani. Sai ka same shi da hantsi a bakin karofi, hannu shuɗi har gwiwa, yana 'yar waƙarsa, mahauci ya biyo da tire a ka su tsaya suna wasa da dariya. Da marini ya sallami mai bin bashi na ƙarshe, ya rina rawani mai kyau ya kai wa dattijo. Dattijo ya shafa, ya yaba aikin, ya mayar masa, ya ce in yana son biyansa, duk wanda ya gani yana tafiya yana magana shi kaɗai ya nuna masa hanyar zauren.

Saboda haka ka tashi ka je, masu ba da shawara don Allah ba su ƙare ba. Amma in ka je, ka kai kayanka duka, har da wanda ya fi ba ka kunya. Ai Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.