Wanda Ya Kashe Dodon Maiwada

Juma'a ta uku ke nan Maiwada yana dawowa daga masallaci ya tarar an kashe masa dodo.

Dodon na cikin wani gem ne, wasan talabijin, tsoho da ya girmi rabin samarin Hunkuyi. Wani guntun mutum ne da baka, ya yi gudu, ya tsallake rami, ya harbi jemage, har ya isa ga dodon ƙarshe. Wayoyi sun zo da wasanni kala-kala, amma har yau layi ake yi a shagon cajin wayar Maiwada saboda gem ɗin. Maiwada kaɗai ya taɓa kai ƙarshe, shi ma sai ya zubar da rai biyu cikin ukun da ake bayarwa. Ƙato da iyali, abin taƙamarsa ke nan.

Yanzu ga dodo kwance a talabijin, ga rai uku cif, ga maiƙo a jikin abin dannawa. Ya goge, ya kashe talabijin kafin wani ya gani.

Rantsuwa ce ta hana shi sukuni. Bara ya kori Indo, tsohuwar da ta shekara ashirin tana suyar ƙuli-ƙuli a rumfar da ke kallon ƙofarsa, ya jera benci a wurin. Da ta yi magana, ya sheƙe da dariya a gaban sarkin kasuwa: "Wallahi Iya, ranar da wani ya kashe dodon nan bai mutu ko sau ɗaya ba, ranar zan mayar miki da rumfarki." Ta ɗauki kaskonta ta koma bayan katanga, cikin rana.

To wa ke zama a kasuwa lokacin sallar Juma'a, da ake jan ƙofa kawai ba a sa kwaɗo? Wa ke yawo da maiƙo a hannu? Austin bakanike.

"Ni?" in ji Austin. "Oga, ramin farko ma ban taɓa tsallakewa ba."

Maiwada ya hana shi caji, ya ɓata shi wurin masu babur, duk bai huce ba. Ya ƙudurta sai ya kama shi tsakiyar wasa, kafin ya isa ga dodo, ya tara masa jama'a da sunan ɓarawo.

Juma'a ta huɗu, liman na yin sallama ya miƙe, ko addu'a bai jira ba. Ya janyo sarkin kasuwa da mutum huɗu, suna sauri suna haki.

Sun makara. Tun daga bakin rumfa suka ji kiɗan nasara. Maiwada ya banke ƙofa. Shaidun da ya kawo da ƙafarsa suka ga dodo kwance, suka ƙirga rai uku.

Mai wasan ko waiwaye babu. Aka ajiye abin dannawa yana ƙyallin man gyaɗa.

"Shekara ashirin ina kallon inda kake faɗawa rami," in ji Indo. "Kafin la'asar ka kwashe min bencinka."