Gwaji na Huɗu a Gidan Ruwa

"A yanke wutar!" in ji Hajiya mai duba aiki.

Aka yanke. Kafin ƙiftawar ido janareta ya tashi, injinan tura ruwa suka ci gaba da ruri. Injiniya ya gyara zaman hularsa. Shekara biyu yana tsara gidan ruwan nan, don kada unguwa ta sake kwana da ƙishi. In Hajiya ba ta sa hannu ba, ya tashi a tutar babu.

Ta sa aka kashe janaretan, batiran sola suka karɓa. Aka rufe babban bututu, ruwa ya bi ta ƙaramin.

"Ranki ya daɗe, komai a nan yana da madadi," ya ce, baki har kunne.

"Saura gwaji ɗaya. Na lura ko fitila za a kunna a nan, sai an kira ka." Ta miƙa hannu. "Kawo wayarka. Tafi gida, sati biyu."

Ya rubuta wa ma'aikata duk abin da ke kansa, ya tafi yana waiwaye. Kullum sai ya murɗa famfon gida sau goma, ruwa kuwa shaa! Har sati biyun suka cika ba wanda ya neme shi.

"Ashe ko ba ni ana rayuwa," ya ce a sanyaye.

Matarsa ta ɗora masa jaririyarsu a cinya tana dariya.

"Can ne kake da madadi, maigida, nan ba ka da shi. Wa kake tsammani ya ba Hajiya shawarar gwaji na huɗu?"